Katunan da Dogo Ya Bari

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya. Ya ƙafar da aka ce tana damunki? Mu nan lafiya lau, sai Mama da hawan jini yake ɗan taɓawa, amma da sauƙi.

Na san sai kin juya takardar nan kin duba baya kafin ki gane mai rubutun. Ni ce autar marigayi Dogo, wanda kuka yi aiki tare a ofishin kwamfuta. Mama ta warware mini dangantakarmu sau uku, wai kakata ta wajen uba da mahaifiyarki 'yan wa da ƙani ne, ana zuwa tsakiya sai in ɓace. Ni dai Goggo na tashi na ji ana ce miki, a nan na tsaya. An ce kunnenki ba ya shiri da waya, shi ya sa na ba direban motar da ke zuwa wajenku wannan takarda.

Ina koyar da kwamfuta a wata kwaleji. Bana aka ɗora mini darasin tarihin yarukan kwamfuta, na kuwa haddace shi tsaf. Da farko da lambobi zalla ake yi wa inji magana, sai aka ƙirƙiro gajerun kalmomi su tsaya a madadin lambobin. FORTRAN ta zo a 1957 don masu lissafin kimiyya, COBOL ta biyo bayanta don aikin ofis, sai BASIC, sai C, har a iso Python da nake koyarwa yau. Ina jero su, ɗalibai suna jero hamma.

Makon jiya muna kwashe kayan Mama, za ta koma gidan Yaya, muka buɗe akwatin ƙarfen Baba. A ƙasan tufafinsa akwai wani siririn kwali cike da katuna masu huji, guda ɗari biyu da goma sha biyu, kowanne da ɗan rubutu a samansa. Mama ta ce, "Aikin babanku ne, kada wanda ya zubar."

Goggo, bakina ya riga hankalina. Washegari na shiga aji na ce babana mai rubuta manhaja ne tun kafin a haife su. Ranar babu wanda ya yi hamma. Kafin a tashi har an sa sunana cikin masu baje kolin ayyuka na ƙarshen wata mai zuwa, wai zan nuna manhajar babana. Da na gaya wa Yaya sai da ya riƙe ciki don dariya. Ya ce, "Ke fa Baba masinja ne. Kwalin yake ɗauka, ba abin da ke ciki yake rubutawa ba."

Shekarata huɗu Baba ya rasu. Ƙararrawar kekensa kaɗai nake iya tunawa. Don Allah ki gaya mini gaskiya: shi ya rubuta abin nan ko ɗaukowa ya yi? Idan ɗaukowa ya yi, gara in janye sunana tun ban sha kunya a gaban jama'a ba.

Taki,
'Yar Dogo

*

'Yar Dogo,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, ƙafa kuma tana nan tana mulkinta. Ki gaida mamanki da jiki. Ban juya takarda ba, ina ganin tsawon haruffanki na san jinin waye.

Kin jero mini yaruka kamar mai kiran sunan 'yan aji. Ba ki san komai ba tukuna, yarinya. Wannan naku na yanzu da aka ce sunan mesa gare shi, ku danna nan take ya ba ku amsa, ai wasa ne. Bari in gaya miki yadda aiki yake.

Ɗaki uku ne. A sama akwai masu rubutu, 'yan ƙwalisa masu ɗaure wuya, su rubuta umarni da fensir a kan takarda mai gida-gida. Da COBOL suke yi, wadda in kin karanta ta sai ki ce wani shugaban ofis ne yake ba da oda da Turanci: ɗauki wannan, kai can, haɗa da wancan. A tsakiya mu ne, mata takwas masu huda kati, ni ce shugabarsu. Injinmu kamar tafireta yake, sai dai maimakon tawada huji yake yi. Layi ɗaya kati ɗaya, gida tamanin. In mu takwas muka kama aiki sai ki ce ruwa ake tsugawa a kan kwano, kuma can na baro kunnuwana. A ƙasa ɗakin kwamfutar yake, mai ƙofar gilas, da sanyin da ya fi na firji. Ita ake sanyaya wa, mu fanka ɗaya muke rabawa. Sai an kwana an wuni kafin mutum ya san ko aikinsa ya yi ko bai yi ba.

Yanzu ki buɗe kunne. KADA KI TAƁA JERIN KATUNAN NAN. Inji ba shi da hankali, na farko yake karantawa sannan na biyu. In na goma ya koma na hamsin, aiki ya zama shirme. Shi ya sa muke matse su wuri ɗaya mu ja layi a karkace da tawada a kan bakinsu, daga wannan kusurwa zuwa waccan. In kwali ya zube, kowane kati yana ɗauke da ɗigonsa, sai a bi ɗigon har layin ya dawo. Na ga ƙato mai digiri ya durƙusa a matakala yana kuka saboda bai ja layin nan ba.

Babanki mutumin kirki ne. Ba ya tafiya sai da sauri, ba ya wuce mutum bai gaishe shi ba. Allah ya jiƙansa. Ki mayar da kwalin cikin akwati inda kika same shi.

Goggonki

*

Zuwa ga Goggo,

Ina gaisuwa, ina fata kin tashi lafiya. Mama ta koma gidan Yaya, jikin da sauƙi.

Mako biyu ke nan ban ji daga gare ki ba. Na tare direba a tasha, ya rantse ya miƙa miki takardata hannu da hannu, amma wai ba ki ba shi komai ba. Idan na yi rashin kunya da na faɗo miki da tambaya ba tare da na taɓa zuwa gaishe ki ba, ki yafe mini. Ko kuwa amsar ce ba ta faɗuwa?

Na kuma yi wata ɓarna, ban ma san girmanta ba. Ɗalibai sun dame ni sai sun gani da idonsu, sai na kai kwalin aji na rarraba musu katunan, kowa biyar ko shida, suka ɗaga su a hasken taga suna leƙen hujin. Ban taɓa jin daɗin darasi kamar ranar ba. Da aka tashi na ce kowa ya jefa nasa a kwali. Ban damu ba, domin littafin da nake koyarwa da shi ya ce gida takwas na ƙarshen kati na lambar jeri ne, in sun hargitse sai a bi lamba. Na zo gida na baza su a tebur zan jera, Goggo, gidajen nan takwas a shafe suke, babu huji ko ɗaya. Na duba kati ɗari biyu da goma sha biyu, sau biyu.

Kaina ya ɗaure. Littafin ne ya yi ƙarya, ko waɗannan ba cikakkun katuna ba ne? Ko shara ce Baba ya tsinto a ofis yake ajiya? Yaya ya leƙo ya gan ni a tsakiyarsu, ya ce in na gama karta in ba shi hannu ɗaya. Ban yi dariya ba.

Saura mako uku. Ko layi ɗaya ne ki rubuto.

Taki,
'Yar Dogo

*

'Yar Dogo,

Lafiya lau, sai godiya. Direbanku kuwa na wanke shi tas. Amsata ta kwana goma sha shida a aljihun ƙofar motarsa tare da tsumman goge gilas. Na haɗa miki ita da wannan, ki karanta waccan tukuna, ki ga gargaɗin da ya zo bayan an yi ɓarna.

Littafinki bai yi ƙarya ba, rabin zance ya sani. Lamba a ƙarshen kati al'adar masu FORTRAN ce. Mu masu COBOL a gida shida na farko muke sa tamu. Kada ki wahalar da idonki, nan ma babu. Ni na huda katunan nan da hannuna, a lokacin hutun cin abinci, ina yi ina waigen ƙofa. Wa ke da lokacin lamba?

Tunda kin matsa, yayanki ya faɗi gaskiya, ke ma kin faɗi gaskiya. Dogo masinja ne. Shi ke sauko da takardu daga sama zuwa wajenmu, ya kai kwalayenmu ƙasa, ya dawo da su. Kuma shi ya rubuta abin da ke hannunki. Wata rana kwali ya suɓuce masa a matakala, kati ɗari shida. Aka zage shi son rai, sannan ɗaya daga cikin masu rubutu ya zauna yana karanta saman katunan yana mayar da su. Dogo ya tsaya a kansa baki buɗe. Daga baya ya ce mini, "Yaya, ashe abin nan magana ce?" Tun daga ranar babu takardar da ta shiga kwandon shara bai ɗauke ta ba. Shekara biyu yana karatu a bakin matakala, ana tsammanin gyangyaɗi yake yi.

To ga amsarki, ki huta. Amma ki janye sunanki daga baje kolin nan. Tun a wancan lokaci inji ya ƙi aikin, bai yi ba. Yanzu kuma ya hargitse, Allah ya kawo ƙarshensa. Ki ɗaure su da roba ki ajiye, ko ki ba yara su yi fifita. Kada ki ɓata lokacinki.

Goggonki

*

Zuwa ga Goggo,

Ina gaisuwa. Ya ƙafa? Mama tana gaishe ki. Na ce mata kin ce Baba ne ya rubuta, ta ce, "In ba shi ba, wa zai rubuta?" ta ci gaba da ninkin kayanta.

Takardunki biyu sun zo tare, na karanta su a tsaye a tasha, na kuma rasa wadda zan bi. Ta farko ta ce in kiyaye katunan kamar idona, ta biyu ta ce in ba yara su yi fifita. Rubutun hannu ɗaya ne, amma kamar mutum biyu. Ki yi haƙuri, ta farkon na bi.

Na matse katunan na duba bakinsu. Jajayen ɗigo-ɗigon da na ɗauka tsatsar akwati ce ashe layinku ne. Kwana huɗu na yi a kan teburin cin abinci. Ɗigon ya kai ni kusa, inda biyu ko uku suka yi kama sai in karanta rubutun in ga wanne ya kamata ya riga wani. COBOL ba ta mutu ba, Goggo, har yau akwai manyan ofisoshi da ke aiki da ita, kuma ana samun abin da ke fassara ta a kwamfutar zamani. Na kwafe layukan ɗaya bayan ɗaya. Wuri biyu kawai na taɓa, inda yake kiran sunan injinku da firintarsa, don su ba sa duniya yanzu.

Na danna. Ya yi.

Jadawalin hutu ne. Sunaye goma sha ɗaya, masinjoji da masu shara da masu gadi: Gajere, Mai Shayi, Baban Biyu, har da shi Dogo a ƙarshe. Yana juya ranar hutu a tsakaninsu na mako goma sha biyu, yadda babu wanda zai riƙe ranar ƙarshen mako shi kaɗai, kuma ba a taɓa barin ƙofa ba mai gadi. Na bi shi da biro ina neman inda ya karkace, ban samu ba. Na kifa kaina a tebur na yi kuka har sai da maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa.

Amma yanzu na fi da rikicewa. Kin ce injinku ya ƙi shi. Me ya ce? A wane layi ya tsaya? Ko wajen jerawa na gyara masa kuskure ban sani ba? Idan haka ne, abin da zan nuna wa mutane aikinsa ne ko nawa? Ba na so in yi wa Baba ƙarya, ko da ta yabo ce. Ki daure ki tuna. Saura kwana goma sha biyu.

Taki,
'Yar Dogo

*

'Yar Dogo,

Lafiya dai ba laifi. Takardarki ta zo jiya da hantsi, har yanzu ban sa komai a bakina ba.

Ba ki gyara komai ba. Inji bai ce komai ba, domin bai taɓa ganin katunan nan ba.

Ba a shigar da aiki ɗakin kwamfuta sai da kati a gaba mai lambar ma'aikaci, kuma duk abin da ya shiga sai an rubuta shi a littafi. Masinja ba shi da lamba. Ni ina da ita, ta gwajin aiki. Shugaban sashenmu ya taɓa kama Dogo da takardun shara, ya yi dariya ya ce, "In ka kawo mini abin da inji ya karɓa, zan tura ka kos ɗin masu rubutu." A gaban mutane ya faɗa. Ko wasa yake yi ban sani ba, Dogo dai bai ɗauke shi wasa ba. Ya kawo mini takardunsa ya ce, "Yaya, ke ce tawa a gidan nan." Na huda masa. Na ce ya bar mini, zan shigar da kaina ranar da aka aike shi waje.

A makon aka sallami wata yarinya daga ɗakinmu, don an kama ta ta shigar da aikin ɗan'uwanta ɗalibi da lambar ofis. Ni kuma shekara ɗaya da rasuwar mijina, ga yara huɗu. Ranar da aka aiki Dogo na ɗauki kwalin na sauka har ƙofar gilas, na tsaya, na juyo. Ya kwana uku a ƙarƙashin teburina. Da ya tambaya na ce, "Ya ƙi, Dogo. Kurakurai sun yi yawa." Ya ce, "To, na gode, Yaya." Ya karɓi kwalinsa. Bai sake ɗaukar takarda daga kwando ba. Bayan shekara ɗaya aka kawo kwamfutoci masu allo, aka kwashe injin karanta kati, ɗakinmu ya zama sito.

Da na ce masa tsoro na ji, da ya nemi wata hanya. Sai na ce masa bai iya ba. Duk shekarun nan da abu ɗaya nake lallashin kaina, cewa mai yiwuwa da ma ba zai yi ba. Masu digiri ma sai sun kai aiki sau biyar kafin ya wuce. Yanzu kin zo kin ce mini danna ɗaya.

Ban ce ki yafe mini ba, wanda zai yafe ba ya nan. Ki nuna aikin, nasa ne tun daga farko har ƙarshe. In kin ga dama ki karanta wa mamanki wannan. Ni ba zan iya haɗa ido da ita ba.

Goggonki

*

Zuwa ga Goggo,

Ina gaisuwa. Don Allah ki ci abinci.

Ba zan ɓoye miki ba, na ji haushinki, har yanzu bai gama sauka ba. Kwana biyu takardarki tana jakata ina kai ta aji ina dawo da ita. Jiya da la'asar na je gidan Yaya na karanta wa Mama, shi ma yana zaune. Wannan karon bai yi dariya ba, tashi ya yi ya fita waje.

Na zaci Mama za ta yi faɗa ko kuka. Sai ta ce, "Ai ya sani."

Na ce ya san me? Ta ce ranar da kika mayar masa da kwalin ya shigo gida, ya jingine keke, ya ce mata, "Bai shiga inji ba." Ta ce ta yaya ya sani. Ya ce, "Shekara shida ina ɗauko kwalaye daga ɗakin nan. Wanda ya yi yakan fito da takarda a naɗe, wanda ya ƙi ma da takardarsa, har ta fi tsawo. Ban taɓa ɗauko wanda ya fito tsirara ba." Mama ta ce ta yafa mayafi za ta zo gidanki, ya tare ƙofa. Ya ce, "Mace da marayu huɗu. Ni ma da ni ne sai na ji tsoro. Kada ki taɓa nuna mata na sani, kunya za ta hana ta shigowa gidan nan, kuma ba mu da dangi a kusa sai ita."

Na tambaye ta ko ya yi baƙin ciki. Ta ce ƙwarai, ya daɗe ba ya son a yi masa zancen. Amma bai taɓa yarda cewa bai iya ba. Yakan ce aikinsa ba faɗuwa ya yi ba, layi yake jira.

Goggo, ban san abin da zan yi da wannan duka ba. Na fara neman sanin mutum ɗaya, sai ga shi ku uku kun shekara arba'in kowa yana rufa wa wani asiri, ni da Yaya muna gefe ba mu san komai ba.

Baje kolin ranar Asabar ne. Na sa katunan a akwatin gilas, kwamfuta a gefe, duk mai so ya danna ya gani. A allon bayani na rubuta: "Jadawalin hutun ma'aikata, da yaren COBOL. Wanda ya rubuta: Dogo, masinja." A ƙasa akwai layi na biyu, "Wadda ta huda katunan," na bar gabansa fili. Kati ɗari biyu da goma sha biyu, ana yi ana waigen ƙofa, ban sami harafi ɗaya da ya kauce ba, kuma wannan ma gaskiya ce.

Kada ki rubuto, mun ga halin direban nan da takarda. Ki gaya masa da baki in cike filin da sunanki ko in bari. In kuma ƙafar za ta yarda, direban ya ce kujerar gaba taki ce, Mama ta sa an gyara miki ɗaki.

Taki,
'Yar Dogo